Ƙanzo a Gefe Ɗaya

Ranar da mai kamfaninmu ya ce ni zan riƙe wurin, abubuwa da yawa sun zo mini a rai, amma ban da abincin rana. Na tuna mahaifiyata a Tirmini da yadda za ta karɓi labarin, na tuna waɗanda za su ji haushi, har na ɗan ji daɗin haushin nasu, ba zan ɓoye ba. Ko kusa ban kawo cewa abin da zai fi damuna shi ne inda zan sa hannu in azahar ta yi ba.

Kamfanin man gyaɗa ne da ƙuli-ƙuli, a bakin garin Zinder. Na shige shi ina mai tsintar gyaɗa, da ɗan karatuna na lakkwal, wato boko, da ba wanda ya tambaye ni shi. Daga tsinta aka kai ni awo, daga awo sito, ina hawa a hankali har aka wayi gari makullan biro, ofishin shugaba da ke saman bene, suna jakata. Duk tsawon shekarun nan a rumfar mata nake cin abinci, bayan sito. Kowace ta zo da abin da ta samu, a juye a babban tire guda, a kewaye shi. Yau shinkafa da wake, gobe dambu da zogale, ana ci ana caccakar manya.

A rumfar nan na yi aminiya, mutuniyar Garagumsa, mai tuyar ƙuli. Ita ta fara gano ina son ƙanzo. Sai ta riƙa kankaro na tukunyarta, ta jiƙa shi, ta marmasa ƙuli a kai da ɗan mai da barkono, ta tura shi gefena a cikin tiren. Ba ta taɓa turowa ba tare da tsiya ba. Takan ce harshen talaka gare ni, ko minista na aura sai an kama ni a madafa ina kankarar tukunya. Ita ta san lokacin da na yi ɓari kafin uwata ta sani.

Wanda na gada namiji ne, kuma shi da shugabannin sassa, duka maza, a tabarma ɗaya suke ci cikin biro. A bakin tiren nan ake yanke wace mota za ta je wace kasuwa, wa zai tafi hutu. Ranata ta farko, da aka idar da salla, shugabannin sassan suka tsaya a ƙofa suna kallon juna, sannan suka ɗauki tirensu suka nufi gareji. Ban ga laifinsu sosai ba, don ni ma ba zan haɗa hannu da mazan mutane a kwano ɗaya ba. Sai dai shawara ta bi tiren zuwa gareji, ta riƙa iso ni a dafe. Wannan na yi maganinsa: na ce duk maganar aiki da safe za a yi ta, a gabana. Sun yi ɗan gunaguni, suka bi.

Matsalar rumfa ce ba a gyara ta da umarni. Na sauka kamar kullum, na tuɓe takalmi, sai mata suka miƙe tsaye. Wata ta ruga ta ɗauko kujera, wata ta zubo mini nawa daban a faranti, har da cokali. Na ture kujerar na zauna a tabarma, na ce wace sabuwar salla ce wannan. Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa babba in ya yi raha. Hira ta mutu. Na san dalili, don rabin hirar rumfa zagin manya ne, kuma ba wadda ta kai ni iya kwaikwayon tafiyar tsohon shugaba. Yanzu ni ce mai tafiyar.

Na ƙara gwadawa, na ƙara. Sai na lura ƴan matan cikinsu suna tsame hannu da wuri, su tashi da yunwa, alhali su za su koma gaban wuta har la'asar. Daga nan na daina zuwa.

Aminiyar tawa ce ta ɗauki nauyin kawo mini abinci. Kullum ta hauro da langa a rufe, ta yi sallama, ta ɗan rusuna, ta ce ga abinci Madam. In na buɗe, tsokar da ta fi kyau ce a sama, da tsakiyar tukunya, ba ko ɗigon ƙanzo. Ina ci da cokali a kan tebur, fanka tana juyawa, dariyarsu tana shigowa ta taga. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, ko a zaman takabar da na yi daga baya.

Wata rana na rufe ƙofa bayan ta shigo, na ce ta zauna mu ci. Ta tsaya riƙe da murfin langar.

"Ƙawa," ta ce, karo na farko tun da na hau, "in na zauna nan yau, gobe duk abin da kika ji na rumfa ni na kawo shi. Ko hutun yini ɗaya kika ba ni, za a ce don ni taki ce. Ke kin samu biro. Ni rumfar nan kawai gare ni, ki bar mini ita."

Raina ya ɓaci, na ce to ta daina wahalar da kanta da hawan bene, ina da kuɗin sayen abinci. Washegari kuma langa ta zo. Na bi ta gida wata Lahadi, ina cewa can ba kamfani ba ne. Mijinta ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka yanka kaza, maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa, kowace da ɗan da take nema wa aiki. Ita kuwa tana madafa tana hidimar baƙuwa. Na koma gida ban yi magana goma da ita ba.

Haka muka yi shekaru, bene ɗaya tsakaninmu. Kamfani ya ci gaba, ana kirana taro ana nuna ni a ce ga mace ta riƙe wuri. Ina jin daɗin hakan, ba na musu. Amma in aka tashi cin abinci a wurin taron, ni kaɗai ce mace a teburin manya, sai in tsinci kaina ina leƙen inda masu rabon abinci suke zaune a ƙasa suna cin nasu.

Hayaƙin tuya ya ci idanunta a hankali, har ɗanta ya ce ta bar aiki ta koma Garagumsa wurinsa. Ranar sallamarta na tara ma'aikata da safe, na yi jawabi, na ba ta turamen atamfa da sunan kamfani. Ta yi godiya, ta ce Allah ya ƙara wa Madam girma. Da rana injin matsa ya tsaya, na daɗe a can ina faɗa da masu gyara. Ina jin guɗa daga rumfa, ban samu zuwa ba, kuma ba a aiko kirana ba.

Da na dawo biro, langa tana kan tebur. Na buɗe, sai ga ƙanzo, jiƙaƙƙe, da ƙuli da mai da barkono. Rabin langar ne kawai. An ture shi gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma an cinye, ga sawun yatsu nan a jikin kwanon, yadda take sharce gabanta tun muna ƴan tsinta.

Na sauka da gudu, ban damu da wa ya gan ni ba. Mai gadi ya ce ai motarsu ta daɗe da tashi.

Na hau, na kulle ƙofa, na sauke langar ƙasa. Na wanke hannu na zauna a kan siminti, na juyo da gefena ya fuskance ni. Na ci ina kuka, har na kai inda yatsunta suka tsaya.