Gwangwanin Maganin Yaya

Yayar mijina tana da wani gwangwanin madara da take tara ragowar magani a ciki. Duk gidan da aka yi jinya a layinmu na Sheshe, sai ta je dubiya ta dawo da abin da ya rage. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, da launi take aiki. Fari na ciwon kai ne. Ja da rawaya kuwa na komai ne, daga gudawa har kaikayin ido. Takan ɓare kafso ta zazzage a koko, tana juyawa tana ɗaga hanci, sai ka rantse a Masar ta yi karatu.

Wata bazara da zafi ya kori kowa tsakar gida, autata ta kwanta da zazzaɓi. Tana kuka da kai, ba ta son haske. Na ce a tafi asibiti.

"Taifot ne," in ji Yaya. "Ke sakandare kika yi, ni 'ya'ya na raina."

Maigidan, da yake ita ta goya shi, ya ce a bi maganarta, ya wuce rumfarsa a Ƙofar Wambai. Aka yi ta ɗura wa yarinya koko mai ɗaci. Ranar da na zo ɗaga ta na ji wuyanta ya sandare, ban nemi izinin kowa ba. Na zura hijabi, na saɓe ta, na tari adaidaita.

Likita ya ce sanƙarau yake zato. Nan take aka fara allura, ya kuma ce sai an ɗebi ruwan bayanta a gano ko wace ƙwayar cuta ce. Sai ga Yaya tana haki.

"Kada ki yarda! Gurgunta ta za su yi!"

"Hajiya, me aka ba ta a gida?" in ji likita.

"Ja da rawaya," ta ce, har da gyara mayafi, wai jiran yabo take.

Na ce, "Likita, a ɗiba." Ni na riƙe yarinyar a naɗe, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Da sakamako ya fito ya yi mini bayani. A ɗan faranti suke shuka ƙwayar, su jera magunguna a kai. Wanda ya fi ƙarfinta, sai ta bar fili a kewayensa. Allurar da ake yi wa auta ta fi ƙarfin ƙwayar, alhamdulillahi. Irin kafson Yaya kuwa, ƙwayar lulluɓe shi ta yi kamar an zuba mata taki. Ya ce mutane sun mai da shi gyaɗa, har cutar ta saba da shi.

Wannan bai hana Yaya zama a bakin gado tana shaida wa 'yan dubiya cewa kafsonta ne ya riƙe ciwon ba. Su kuma suna, "Sannu Hajiya, Allah ya saka." Wata har tana tambaya ko da saura. Don darajar zumunci, sai na yi ta istigfari saboda abin da zuciyata ke faɗa.

Auta ta tashi, ta taka da ƙafafunta. Amma kunnenta na hagu ya tafi, likita ya ce jinkiri ne ya jawo. Yanzu idan zan biya mata karatu bayan Asuba, a damanta nake zama, in ɗan ɗaga murya.