Kawu Jingi da Bindigar Likitan Haƙori

Kawu Jingi yayan mahaifiyarmu ne, kuma duk dangi babu wanda ya kai shi ƙyamar datti. An ce tun yana yaro a Poli ta ƙasar Kamaru, in an zuba masa tuwo sai ya ɗaga akushin ya duba gindinsa kafin ya sa hannu. Bai yi boko ba, allo ma a izu biyu ya tsaya, amma Allah ya ba shi hannun gyara. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka ɗauke shi aikin sharar hanya a wani sansanin farauta da ke bakin kogin Faro, inda Turawa ke zuwa da rani su harbi ɓauna da gwanki. Cikin shekara uku ya ajiye adda ya koma ɗakin bindigogi. Makullin ɗakin ya rataya a wuyansa da igiyar fata, shekara ashirin da takwas, har ya yi masa kanta a ƙirji.

Abin da ba ya son a faɗa shi ne, bai taɓa harba bindiga ba, ko sau ɗaya. In za a yi harbi, shi ne na farkon toshe kunne. Amma in ya zauna yana bayanin bindiga a bakin kasuwa, sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙera ta.

Aikinsa kullum iri ɗaya ne. Ya shimfiɗa buhu, ya zare sakatar bindiga, ya ɗaura burushinsa na tagulla a kan sandar goge ya tura cikin bututun, sannan ya bi da tsumma da mai. Daga nan ya ɗaga wa rana ya leƙa da ido ɗaya. In bai ga haske na murɗawa fes daga wannan baki zuwa wancan ba, to, aiki ya koma farko. Matarsa Goggo Dudu, wadda ke dafa wa ma'aikatan sansanin abinci, takan ce da 'ya'yansa sun samu rabin kulawar da bindigogin baƙi suka samu, da yanzu da gwamna a cikinsu.

Abokin tsokanarsa kuwa shi ne Zawro, shugaban masu bin sawu, wanda suka shiga aikin shekara ɗaya. Zawro na kiransa Modibbon Bindiga, wato malamin bindiga. Shi kuma yana kiran Zawro Mai Shinshinar Kashi, tunda da kashin dabba yake gane yaushe ta wuce.

A ranin da abin ya faru, wani likitan haƙori ya zo daga Sifen. Sunansa ya ƙi zama a bakin kowa, sai aka bar shi a Likita. Ɗan gajeren dattijo ne mai sanyin magana, kuma gwanki kaɗai ya kawo shi. An ce shekara shida yana shirin tafiyar. Harsasansa ba irin waɗanda aka saba gani ba ne masu dalma a ciki. Jan ƙarfe ne zalla, tun daga baki har gindi.

Washegarin zuwansa aka kafa takarda a jikin suri don gwada saiti, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Harbi na farko ya tashi sama da kusan taƙi guda. Na biyu ya ɗan sauko. Uku na ƙarshe kuwa suka taru wuri ɗaya, murfin kwalba ma ya rufe su. Likita ya yi murmushi, ya yi wa mai sansanin, Musye Gaspar, doguwar magana. Shi kuma ya yafito Kawu.

"Jingi, buɗe kunnenka," in ji Musye Gaspar da gurguwar Fulatancinsa. "Bindigar nan ba ta harbi daidai in cikinta wankakke ne. Sai ta ci harsashi huɗu ko biyar, jan ƙarfen ya ɗan lulluɓe bututun, sannan take nutsuwa. Yanzu ta nutsu. Goge bayanta yadda ka ga dama, amma cikinta kada ko iskar bakinka ta shiga."

"Musye, a bar ta ta kwana da datti?"

"Ta kwana goma sha biyu da shi. Akwai kwalbar magani a akwatinsa, ranar tafiyarsa za ka wanke masa. Na san halinka, Jingi. In ka taɓa ta kafin nan, ka cire makullin nan da hannunka, kada ka jira in tambaya."

Kawu ya ce to. Irin "to" ɗin da yake ce wa Goggo in ta ce ya rage goro.

Maharba kan fita da asuba su dawo kafin azahar, a ajiye bindigogi a ɗaki har zafin rana ya karye. Rana ta farko Kawu ya goge bayan bindigar kawai, ya jingine ta ya juya mata baya. Rana ta biyu ya ce leƙawa ai ba taɓawa ba ce. Ya ɗaga ta ya leƙa. Daga bakin bututun ya hango jan zane-zane kwance a jikin ƙarfen, kamar an shafa lalle. Ranar ko rabin tuwonsa bai ci ba.

"Baban Asta, ko zazzaɓi ne?" in ji Goggo Dudu.

"Mutum likita guda, yana leƙa bakin mutane yana kankare musu haƙora, amma dubi abin da ya bar wa bindigarsa. Wannan ai zalunci ne."

"Taka ce?"

"A ɗakina take kwana."

"To, ka bar ta ta kwana. Ni ma a ɗakinka nake kwana, ban ga ka hana kanka tuwo saboda ni ba."

Rana ta uku ya tura ƙofa ya buɗe akwatin Likita. Da ya cire murfin kwalbar sai da hawaye suka zubo masa, don warinta kamar makewayin tashar mota. Wannan ma ya ƙara masa imani da ita, domin a wajensa magani mara wari ruwa ne. Ya tsoma burushin tagulla a ciki ya shiga turawa, ya bi da farin tsumma. Tsumman ya fito shuɗi shar, kamar daga marina.

Kawu ya riƙe baki. Shekara ashirin da takwas yana ganin baƙin datti da ruwan toka, bai taɓa ganin datti mai launi ba. Ya sake tsoma burushi, ya sake bin tsumma. Shuɗi. Ya yi sau goma, shuɗi. Jan zanen ya ɓace tun a ranar, bututun ya koma kamar madubi, amma tsumma bai fasa rina ba. Sai ya yanke cewa dattin ya shige cikin naman ƙarfen ne, kuma Allah ne ya kawo bindigar nan hannunsa don ya cece ta. Da ya ji motsin maharba, ya shafa mata mai a ciki don kada ta yi tsatsa, ya mayar da ita wurinta yana salati.

Haka ya yi ta yi kullum da rana, kwana biyar. Tsummokaransa suka ƙare, ya yayyanka tsohon farin mayafin Goggo ba da saninta ba. Gashin burushin ya fara zubewa, ya ce ka ga mugun datti, har burushi yake ci. Kowane shuɗin tsumma kuma sai ya ninke shi ya adana a buhu, don yana shirin ranar tafiya ya zazzage su gaban Likita ya koya masa tsafta.

Zawro ne ya fara jin warin, a wajen cin abinci.

"Modibbo, tsufan ne ya zo da sakin mara? Ka faɗa mana mu nemo maka saiwa."

"Kai da hancinka ya ƙare a kashin ɓauna, ina ka san warin magani?"

"Maganin me?"

Kawu ya cika bakinsa da tuwo. Zawro ya dube shi, ya dubi faratansa da suka yi shuɗi. Su a lokacin ta kansu suke yi. Kwana bakwai suna bin wani tsohon gwanki mai ƙaho kamar lauje, cikin rana mai narka kitse, ƙudan tsando na cinsu. Likita ƙafarsa duk ta yi bororo, amma bai taɓa cewa a koma ba.

A rana ta takwas motar ta dawo da hantsi, babu waƙa, babu ganye a jikinta kamar yadda ake yi in an yi sa'a. Zawro ya diro ya jefar da sandarsa.

"Ya tsaya mana, Modibbo. A fili, ya ba mu gefe kamar mai jiran hoto. Likita ya ɗora bindiga a kan sanduna, ya ja numfashi, hannunsa ko rawa. Harsashin ya aske masa gashin doro ya wuce. Yanzu haka ya haye kogi ya shige gandun gwamnati. Sai dai mu jira jikokinsa."

Aka taru a gindin tsamiya. Likita na zaune ya dafe kai, bindigar a kan cinyarsa. Kawu ya tsaya daga baya, amma ya san abu guda: harbin nan ɗaya ya dushe hasken bututun da hayaƙi. Ko an leƙa, ba mai ganewa. Abin da ya rage masa kawai ya kama bakinsa.

Likita ya yi magana a hankali, Musye Gaspar ya fassara wa ma'aikata don ya kwantar musu da hankali.

"Ya ce ba laifin kowa ba ne a cikinku. Yana zaton jan ƙarfen ne ya taru ya yi yawa, tunda ƙura ma ta shiga. Dattin bututu ne ya jefar masa da harsashi. Ya ce in ya koma gida haka zai gaya wa abokansa."

"Ashe!" in ji Zawro, yana kallon sama kamar ba da kowa yake ba. "To, Modibbo, sunanka zai je Turai. Za a ce a ɗakin Jingi ne bindiga ta yi ƙazantar da ta kasa harbin gwanki a tsaye."

Wasu suka yi dariya. Goggo Dudu, da ke tsaye a bakin madafa da ludayi, ta zare wa mijinta ido ta girgiza kai. Ta san shi sarai. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baban Asta, zo ka ɗauke min tukunyar nan," ta ce da ƙarfi.

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya nufi ɗakin bindigogi, ya fito da buhu, ya zazzage shi a gaban Bature biyu da ma'aikata goma sha huɗu. Shuɗin tsummokara suka tashi tsibi.

"Datti? A ɗakina? Musye, gaya masa ya ƙirga! Kwana biyar ina fama da ƙazantarsa, ban huta ba, ban yi ƙailula ba. Bindigar nan tun da aka ƙera ta ba ta taɓa yin tsaftar da ta fita da ita yau da asuba ba. Har mai na sa mata!"

Goggo ta gane bakin mayafinta a cikin tsibin, ta ajiye ludayin a hankali.

Likita bai yi faɗa ba, kuma da ya yi, da ya fi sauƙi. Ya nemi a kawo masa abin da aka yi gugar da shi. Kawu ya kawo burushin da alfahari, ko da yake saura ƙiris ya zama sanƙo. Likita ya zaro farin hankicinsa, ya ɗiga maganin a kan burushin kaɗai, ba bindiga ba komai, ya jira kaɗan, ya matse shi cikin hankicin ya buɗe. Shuɗi shar.

"Maganin nan jan ƙarfe yake ci ya koma shuɗi, tagullar burushinka kuma da jan ƙarfe ake haɗa ta, Jingi," in ji Musye Gaspar, muryarsa a ƙasa. "Bindigar ta wanku tun ranar farko. Kwana huɗun da suka biyo baya, burushinka kake narkarwa kana turawa ciki, kana fitarwa."

Zawro ya so ya daure, amma ya kasa. Ya durƙusa ya riƙe ciki. Direba ya shige bayan mota. Likita kaɗai bai yi dariya ba. Ya ninke hankicinsa ya sa a aljihu, ya tashi yana ɗingishi ya shige bukkarsa, kuma har ya bar sansanin bai ƙara ganin gwanki a kusa ba.

Musye Gaspar ya buɗe tafin hannunsa yana jiran makulli. Igiyar ta daɗe a wuya har ƙullin ya ƙi kwancewa, kan Kawu kuma ya fi zagayenta. Sai da aka aro wuƙar yanka albasa ta Goggo aka tsinke ta.

An yi masa tayin ya zauna yana wanke motoci har ƙarshen rani. Ya ce shi ba a saukar da shi daga ƙarfen Turai zuwa taya. Ranar kasuwa suka hau motar kayan abinci zuwa Poli, shi da Goggo Dudu da tukwanenta, domin ta ce ba za ta zauna ana nuna ta da baki ba. Sai da suka wuce mashigi na biyu ta juyo.

"Da ka yi shiru na minti ɗaya, da yanzu kana ɗakinka."

"A ce min ƙazami?"

"Yanzu me ake ce maka?"

Ya kawar da kai yana kallon daji. Can ya yi tsaki.

"Duk bakinsu ɗaya, Bature ba ya ƙin bayan Bature. Burushi! Shekara tara ina aiki da burushin nan bai taɓa yi min ƙarya ba. Dattin yana nan a ciki, Dudu. Da sun bar ni kwana biyu kacal, da na ga ƙarshensa."

Ya rasu yana kan wannan magana, shekara goma sha ɗaya bayan nan, kuma ko sau ɗaya bai rage kwana biyun nan ba, bai ƙara ba.