Goɗiyar Buba da Ingarman Sambo

Duk hutun makaranta Arikya ake kai mu daga Lafia, gidan kakarmu Inna Dije. Iyayenta makiyaya ne, ita ce ta fara zama wuri guda a danginsu, har ta koyi noman doya wurin maƙwabtanta 'yan ƙabilar Eggon. Da an idar da magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta jera doya a garwashi, ga kwanon manja da gishiri a gefenta. Wanda ya katse mata labari, ƙonanniyar ce rabonsa.

Wata rana muka dawo daga gidan maƙwabci mai talabijin, mun ga Turawa suna tseren dawaki. Yayata Hajara ta ce ai su suka ƙirƙiro abin. Inna ta yi dariya har da tari.

"Su wa? Ku matso nan. Ga ta nan, mai kofato huɗu."

Muka ce ta zo mu hau.

Ta ce a wata shekarar fari, makiyaya biyu, Buba da Sambo, suka iso wani tafki rana ɗaya, ruwan kuwa ya ja baya sosai. Har an zare sanduna, sai wata tsohuwa mai tallar nono ta shiga tsakani, ta ce jini ba ya kashe wa saniya ƙishi. Gobe da safe su koma gindin wata kuka can nesa, kowa ya hau dokinsa. Wanda ya riga taɓa ruwa, tafki nasa ne.

Sambo ya amince nan take, don ingarma gare shi, baƙi wul. Buba kuwa goɗiya ce da shi, ramammiya, ba ta daɗe da haihuwa ba. Ya koma bukka ya kasa cin tuwo. Matarsa ta ce ya ci abinsa. Da gari ya waye ta ja ɗan duƙushin goɗiyar, ta ɗaure shi a bakin tafki.

A nan Inna ke kifa ƙwarya ta riƙa buga ta da yatsu, mu ji kofato. Ingarma ya yi gaba, Sambo sai zuba masa bulala yake. Can duƙushi ya yi haniniya. Goɗiya ta ɗaga kunne, ta zabura. Buba ya saki linzami ya rungume wuyanta yana salati. Ta wuce ingarma kamar a tsaye yake, da isarta wurin ɗanta ta ja ta tsaya cak, Buba ya tashi sama ya faɗa cikin laka.

"Da fuska ya taɓa ruwan," in ji Inna, "amma dai ya taɓa."

Sambo ya iso ya ga taɓo har cikin kunnen abokin karawarsa, dariya ta kayar da shi daga sirdi. Mutum biyu da suka yi dariya tare ba sa komawa sanda. Buba ya ce shanunsa su sha da safe, na Sambo da yamma. Sambo ya yi godiya, amma ya ce baɗi a sake. Baɗi aka yi ruwa har tafki ya tumbatsa, duk da haka suka koma gindin kuka. Inna ta ce daga nan sukuwa ta samo asali, maza suka manta da tafkin, suka riƙe gudun. Ƙurunƙus, kowa ya miƙo hannu a ba shi doya.

A lokacin faɗuwar Buba kawai nake jira a labarin. Yanzu direba ne ni, ina ɗaukar kaya daga Lafia zuwa Kano. Shekara da shekaru maigidana yana faɗa a waya wai ina daɗewa, bai hana ni kwana biyu a tasha ina hira ba. Bara matata ta haifa mana 'ya mace. Tun daga nan, da an sauke kaya nake juyo kan mota. Rannan maigida ya tambaye ni ko sabon inji na sa bai sani ba. Na ce a'a, ranka ya daɗe, an ɗaure mini duƙushi ne a gidana da ke Azuba.