Agogon Baba Kurɓa a Haɓarsa Yake

Duk layin nan babu wanda bai san Baba Kurɓa ba, in ba ka san fuskarsa ba to ka san ƙarar bakinsa, don in ya ɗebi shayi a cokali ya ja shi zuuut sai ka rantse famfo ne ke jan iska. Daga nan ya samo sunan kuma ko a jikinsa, wai shayi in ba a ja shi da iska ya fantsama ko'ina a baki ba harshe ba ya jin gaskiyarsa. Inna matarsa ta ce tun tana amarya take jin kunyar wannan jan, ga shi har furfura ta fito mata ba ta daina ba.

Yana saurayi a kicin ɗin wani otal ya yi aiki, shi ne mai haɗa shayin safe, baƙin ganyen nan mai ƙarfi da turawa ke karya kumallo da shi, wanda in ya jiƙu daidai zai fito ja mai duhu, ƙamshinsa kamar bayan burodi mai zafi, ya kama harshe ya ɗan matsa sannan ya saki. To a otal ɗin doka ce ba mai fita gaban baƙi da gashi a fuska, shi kuwa Baba irin gemun nan gare shi da ka aske yau gobe ya dawo kamar ba a taɓa shi ba, ga shi kullum a makare. Sai ya samo dabara. Ya ɗauraye buta da ruwan zafi ta ɗumama, ya zuba ganye, cokali na kowa da ƙarin na buta, ya kwarara tafasasshen ruwa, ya rufe da tawul, sai ya jingina farantin ƙarfe a bango ya zama madubi ya hau aski. Yana goge kumfar ƙarshe yana buɗe buta, kuma wallahi shayin ya fito daidai, ba tsinkewa ba ɗaci. Babban kuku ya kurɓa ya ce yaro da wane agogo kake aunawa? Baba ya shafa haɓa ya ce ga shi nan.

Shi kenan fa ya riƙe. Ya bar otal, ya yi tuƙi, ya yi gadi, ya ajiye aiki, yara suka watse, amma aski da buta suna nan tare kamar tagwaye. Agogo kuwa kar ma ka ambata masa, cewa yake agogo na masu mataccen harshe ne. Kullum da safe a barandar gidan za ka gan shi da singileti, buta a lulluɓe, madubi a ƙusa, kofi uku a jere, nasa da na Inna da na Tela abokinsa mai shago a bakin layi, wanda ba ya buɗe shago sai ya zo ya sha sun zagi juna tukuna. Inna ta sani sarai, tunda ya ajiye aiki wannan shayin ne ke tayar da shi daga gado, in ba shi ba sai ya wuni a kwance yana kallon silin.

Matsalar ita ce hannu ya fara rawa, ido ya fara hazo. Askin da yake yi fiu fiu ya koma sai ya lalubo reza, ya karkata, ya huta, ya nemo inda ya tsaya. Ganye kuwa yana can cikin buta yana ta jiƙa ba mai ce masa ya isa. A hankali shayi ya yi baƙi wuluk, ɗaci da bauri kamar an jiƙa ɓawon itace, kai in ka sha sai harshenka ya naɗe ya koma ciki. Shi kuwa Baba da yake kaɗan kaɗan abin ya zo bakinsa ya bi shi, sai ya ja zuuut ya lumshe ido ya ce yawwa, wannan shi ne shayin maza.

Inna ta koma cika kofinta da madara a ɓoye. Tela kuma ya koma zama kusa da tukunyar fulawa, Baba na juya baya sai ya tuttule. Fulawa ta yi haƙuri ta yi haƙuri ta bushe. Ranar da ta bushe Tela ya tare Inna a bakin ƙofa yana raɗa.

"Innar yara ni fa na gaji, jiya allura na kasa zura wa zare, hannuna sai karkarwa. Ko ki gaya masa ko in gaya masa ko in daina zuwa."

"Ka gaya masa me? Cewa ya tsufa?"

"To ƙarya ne?"

"Kai da ka fi shi ƙuruciya, ji bakinka duk ba haƙori. Ka rufa min asiri, ka ba ni kwana kaɗan."

Ta san mijinta. In aka ce masa hannunka ya yi sanyi shayinka ya lalace, butar zai ajiye, kuma ran da ya ajiye buta to shi ma ya kwanta kenan. Ta zauna ta yi ta saƙa da warwara, can sai ta yi murmushi ta ɗauki waya ta kira Auta, ƴarsu ta ƙarshe da ke aure a wata unguwa.

"Auta, injin askin nan mai caji irin na mijinki, ki sayo wa Babanki."

"Inna Baba fa ba zai yarda ba, rezarsa ta girme ni."

"Ki ce mijinki ne ya aiko, kin san shi da kunyar suruki. Kuma in kin kuskura kika ce ni na sa ki sai na yanke miki kunne."

Haka aka yi. Auta ta kawo inji cikin kwali, Baba ya jujjuya shi kamar an ba shi mataccen ɓera, ya ce wannan abin yankan ciyawa ne ko na mutane? Amma da aka ce suruki ne ya aiko sai ya yi laƙwas ya ce Allah ya yi albarka. Inna tana gefe tana danne dariya, a ranta ta ce aski zai gajarce, ɗaci zai tafi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ashe ba ta auna da kyau ba. Washegari ya zuba ruwa ya rufe buta, ya kunna inji, zzzz nan zzzz can, kafin Tela ya gama gyara zama haɓa ta yi sumul. Ya buɗe buta ya tsiyaya, sai ga wani abu ya fito fari-fari kamar ruwan wankin kofi, kana hango gindin kofin tar. Ya ja zuuut. Ya leƙa kofin. Ya sake ja.

Tela ya ce "Kurɓa yau ganyen ya je gaisuwa ne bai dawo ba?"

"Rufe min baki, mai ɗinkin wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

Ya zargi ganye, ya sayo sabo. Ya zargi ruwa, ya aika aka ɗebo na maƙwabta. Ya zargi buta ya dirje ta har tana ƙyalli. Kai har Inna ya zarga wai tana buɗe taga iska na shiga. Abu ɗaya ne bai taɓa zarga ba, askin, don a wurinsa aski aski ne, tun yana saurayi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Shayi kuwa kullum lami. Rannan da safe ya ja, ya ajiye cokali a hankali, ya ce "Innar yara, abin ya tafi. Ko hannun ne ko harshen, ɗaya dai ya mutu." Ya wanke buta ya goge, ya taka kujera ya ɗora ta can saman kabad, ya shige ɗaki ya kwanta.

Inna ta bi ƙofar ɗakin da kallo. Abin da take gudu shi ta jawo da hannunta. Washegari bai fito baranda ba, jibi ma haka, gemu ya tsiro fari fat bai kula ba, Tela ya zo ya leƙa ya koma, har yana cewa shi da ma mai ɗacin ne ya dawo ya sha abinsa. Ta yi tunanin ɓoye injin a koma reza, to ai ɗaci ne zai dawo. Ta yi tunanin faɗin gaskiya, to ai nan ma sai an ambaci rawar hannu. Tana tsaye a kicin tana wannan tunani sai ta tuna wani abu, duk shekarun nan tana daga ciki tana shara take sanin shayi ya yi, tun kafin ya buɗe buta, don akwai lokacin da ƙamshin ke juyawa ya yi nauyi ya biyo ƙofa. Hancinta ya haddace ba ta ma sani ba.

To amma sai an fito da mutumin tukuna. Ta aika aka kira Tela, ta sa ya sauko da buta, ta zauna daidai tagar ɗakin Baba ta ɗaga murya.

"Tela zo ka ga yadda ake shayi. Ruwan ma ba sai ya tafasa ba, ɗumi ya isa."

"Haka ne Innar yara, ita ma butar ɗumama ta ɓata lokaci ne."

"Ganye kuma da hannu zan watsa. Kawo madara da sukari mu zuba duk a ciki mu dama."

"Ki dama da wannan cokalin miyar."

Ba su rufe baki ba sai ga Baba a bakin ƙofa, singileti a bai-bai, ido ja. "Cokalin me? A butata? Ku tashi, ku tashi ku ba ni wuri, mugaye, ku kashe ni tukuna kafin ku kashe ta." Ya fizge buta, ya ɗumama ta, ya auna ganye yana mita, ya jira ruwa ya tafasa sosai ya kwarara, ya rufe da tawul. Hannunsa da kansa ya kai ga inji, zzzz, ya gama, ya miƙa hannu zai buɗe.

Inna ta ce "Tsaya Malam, haka za ka zauna gaban mutane? Ga saura nan ƙarƙashin kunne."

"Ina?"

"Nan. A'a ƙasa. Injin nan ai tsallake yake yi."

Ya koma madubi, zzzz. Ta ce ga wani a maƙogwaro. Zzzz. Ta kama haɓarsa ta juya ta hagu ta juya ta dama kamar mai taya kaza a kasuwa, tana ta shan iska da hanci a ɓoye. Tela ya gane, ya saka baki, wai ga wani dogo can kamar igiyar shanya. Baba ya ce kai da ba ka ganin ramin allura yau kai ne mai ganin gashi? Suna cikin haka sai ƙamshin ya juya, ya yi nauyi, ya taso. Inna ta saki haɓa ta ce "Yanzu ka yi kyau."

Ya buɗe ya tsiyaya ta mataci, ja mai duhu, tururi na tashi. Ya ɗiga madara kaɗan, ya ɗebi cokali, ya ja zuuut har karen maƙwabta ya yi haushi. Ya daɗe ido a rufe. Sannan ya ce, "Ashe hutu harshen yake so." Tela ya shanye nasa tas ya miƙo kofi, Baba ya ce ba ƙari, je ka tambayi fulawar da ka kashe min.

Tela ya ƙware har da tari. Inna ta dubi mijinta, shi kuwa ya ɗauke kai yana goge cokali.

Tun daga ranar kullum sai an yi duban gemu a barandar nan, wani lokaci gashi yana bayan kunne, wani lokaci a gefen hanci, wurin da gashi bai taɓa tsirowa ba tunda aka haife shi, kuma Baba bai taɓa musu ba, sai ya kunna inji ya bi wurin. Rannan Inna na mura hancinta ya toshe, ta juya haɓa ta juya, ta rasa gane komai, sai kawai ta ce ka yi kyau. Baba bai motsa ba, ya ƙara miƙo mata haɓar yana kallon sama.

"Ƙara dubawa dai Innar yara," ya ce, "ni nawa hancin ya ce da saura kaɗan."