Tursunoy Buhu Nawa Ce?

A duk garin Margilan, in saurayi ya sayi mota ya ga ta yi masa tsayi, wurin bakanike Usta Ergash yake kai ta, can bayan kasuwar albasa. Abin dariya kuwa, Usta ya shekara ashirin yana ɗaga motoci ne, ba kwantar da su ba. Manoman kankana ke kawo masa, ya sa musu sifirin mai tauri don mota ta sha kaya ba ta durƙusa ba. Sai 'ya'yan manoman nan suka taso suna son mota ta kwanta har ta kusa lasar kwalta. Da farko fatattakarsu ya yi, ya ce shi ba ya gyaran hauka. Amma da ya ga ana yanke musu sifirin da zarto a wasu garejin, mota na tafe tana tsalle kamar ɗan akuya, sai tausayi ya kama shi, na motocin fa, ba na samarin ba. Ya ce su kawo, in haukan za a yi, gara a yi shi daidai.

Aikinsa ba gaggawa. Gajeren sifirin sabo, shokazoba daidai da shi, sannan ya saita ƙafafun mota don kada ta riƙa cin taya ta gefe guda. Amma kafin ya taɓa sifana sai ya yi tambayar da ta sa ya yi suna: wa ke zama a baya, kuma buhu nawa ne? Yana da buhunan yashi jibge a gefe, kowanne kilo ashirin da biyar. Saurayi zai tsaya yana sosa ƙeya yana auna uwarsa a zuci, ya ce uku. Usta ya harare shi ya ce ya san uwar tasa tun tana budurwa, a sa huɗu. A loda buhuna, a hau da mota kan wani tudun siminti da ya gina a tsakar gareji ya shafe da alli. Tsayin tudun daidai yake da kwalbatin bakin layinsu, wanda ya fi kowane kwalbati mugunta a garin. In aka ga ko ɗigon alli a ƙarƙashin mota, a sake aiki. Shekara goma sha biyu, motar da ta fito daga hannunsa ba ta taɓa gogar ƙasa ba, kuma ba ya bari a manta da hakan a wurin shan shayi.

Mutum ɗaya tak Usta ke tsoro a duniya: yayarsa Tursunoy. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta nemo masa mata, kuma har ya yi furfura in ta kira sunansa sai ya duba ko hularsa ta karkace. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, masha Allah, ga murya.

Shohista, autar Usta, ita ta tsinto mijinta a garejin nan, don Doniyor mai sayar da atamfar siliki ya riƙa kawo motarsa saiti sau uku a wata, alhali lafiyarta ƙalau, daidai lokacin da take kawo wa babanta abincin rana. Da aka sa ranar biki, Doniyor ya roƙi a kwantar masa da motar, da ita yake son ɗaukar amarya. Usta ya ce wannan aikin da hannunsa zai yi. Lissafi ba wuya: direba da ango a gaba, amarya a baya, sai mai rakiyarta, wadda ba kowa ba ce illa Tursunoy. Ya sa wa 'yarsa buhu biyu, ya jera biyar a ɗaya gefen.

Yana cikin haka sai ga Tursunoy ta shigo da kwanon samosa mai zafi. Ta leƙa motar, ta ƙirga da ido.

"Ergash, wannan tulin na waye?"

Usta ya yi saurin gyara hularsa. Ya ce ai ajiya ce kawai, Opa, wato Yaya, yanzu zai kwashe. Ya sauke biyu da hannunsa, ya bar uku. Ta ce yawwa, ta ja kujera ta zauna, ta ce yau sai ta ga yadda ake wannan aikin da ake ta ba shi suna. Ba ta tashi ba sai da aka gama. Mota ta haye tudu da buhu uku a gefen Tursunoy ba ko alli, Doniyor ya karɓi makulli yana washe baki, Usta kuma ya kasa cewa a dawo da ita gobe a gaban yayarsa.

Ran biki bayan la'asar, an ci shinkafa da karas da naman rago har an gaji, masu kakaki sun cika layi. Shohista ta durƙusa gaban babanta, ya yi mata addu'a a gajarce, fuska a ɗaure, don ya rantse wa matarsa ba zai yi kuka gaban surukai ba. Aka sa amarya a mota. Shi ya zauna a tsakar gida, tunda uba ba ya rakiya.

Ko minti biyu ba a yi ba ya ji ƙurrr! Duk busar kakakin nan ba ta hana shi gane ƙarar ba. Ya fita da gudu cikin sabuwar rigarsa, takalmi ƙafa ɗaya.

Ga mota nan ta dare kan kwalbati, ba gaba ba baya. Kuma kowa ya sani, amarya in ta bar gidansu ƙafarta ba ta taɓa ƙasa sai a ƙofar miji, ba a kuma ja da ita baya, ko taku ɗaya. Tsofaffin dangin ango har sun fara haɗa kai suna ƙus-ƙus. Wani ya ce mai rakiya ta ɗan sauka mana. Tursunoy ta ce ita ba buhu ba ce da za a sauke, an ba ta amanar yarinya, ba ta matsawa ko nan da can. Abokan shan shayin Usta kuwa sun samu abin da suka shekara goma sha biyu suna jira, har da mai tambaya ko a kawo alli.

Usta ya durƙusa ya leƙa ƙasan motar. Salansa ce ta zauna, ba abin da ya fashe. Ya miƙe ya ce ɗaukarta za a yi. Yana raba wa maza wuraren kamawa sai gilashi ya sauka, Tursunoy ta leƙo.

"Ergash, ni buhu biyar ce, duk Margilan an sani. Wa ya ce ka yi mini kara?"

Layin ya kwashe da dariya, har tsofaffin da ke ƙus-ƙus. Ƙarti huɗu suka kama gefenta suna kiran sunan Allah. Ango ya fito zai kama gefen amarya, Usta ya ture shi da kafaɗa, ya ce nan wurinsa ne.

Ya sa hannu ƙarƙashin ƙarfen, kuncinsa manne da ƙofa. Aka ce ɗaya, biyu, uku, mota ta tashi. Sai ya ji muryar Shohista daga cikin lulluɓi, ƙasa-ƙasa.

"Dada, a hankali, bayanka."

Haka take ce wa baban nata tana 'yar shekara shida, in ya saɓa ta a wuya zai tsallakar da ita wannan kwalbatin zuwa makaranta, don tana tsoron ruwan da ke gudu a ƙasa. Taku huɗu suka yi aka dire mota a kan kwalta. Kowa ya saki yana karkaɗe hannu, ban da Usta. Yana nan riƙe da ƙarfen, hawaye na bin gemunsa a gaban surukai da kowa da kowa, sai da yayarsa ta miƙo hannu ta bayan amarya ta dafa gilashin.

"Sake ta, ƙanena," ta ce, a hankali yadda bai taɓa jin ta yi magana ba. "Ka tsallakar da ita."