Gidan da Aka Gyara wa Malam Jalo

Malam Jalo maƙwabcina ne a Azare, katanga ɗaya ce ta raba mu tsawon shekara ashirin da shida. Haifaffen Gololo ne, Bafulatani ta wajen uba. Malamin gona ne, ya yi shekara talatin da biyar yana zagaya ƙauyukan Gamawa da Giyade a kan babur, yana nuna wa manoma yadda ake sa taki da feshin wake, har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba.

Abu ɗaya kowa ya san shi da shi a unguwa, ba ya shiri da esi, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. Ya ce tun yana aiki, duk ranar da aka kira shi ofishin shugaban sashensu inda na'urar take, sai ya fito da toshewar hanci da ciwon gwiwa. Ko banki ya je a kan maganar fansho, a waje yake tsayawa cikin rana har layi ya zo kansa.

"Wannan ai sanyin mutuware ne," in ji shi. "Iska ba ta shiga, ba ta fita, kowa yana shaƙar numfashin ɗan'uwansa."

Shi yana da nasa hanyoyin. Gidansa soraye biyu ne na ƙasa masu kaurin bango da rufin azara, sai zaure da madafi. Da hannunsa ya dasa bishiyar maina biyu, wato darbejiya, shekarar da ya tare, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ƙofar gida. Randarsa a binne take cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwanta har haƙori yake riƙewa. Idan bazara ta kankama a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke yin laushi a ƙarƙashin takalmi, sai ya yayyafa ruwa a gindin mainar ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarmi biyu. Daga azahar zuwa la'asar a nan dattawan layinmu muke zama, mu shida ko bakwai, kowa da maficinsa, ana sauraron rediyo ana gardamar yaushe ruwa zai sauka.

'Ya'ya biyu Allah ya raya masa da matarsa Hajiya Kande. Suwaiba tana aure a Kano. Najmuddeen shi ne ɗan fari, saboda haka Malam Jalo ba ya faɗin sunansa, ba ya kuma doguwar magana da shi, irin kunyar nan ta Fulani. Sai dai ya ce "na Abuja". Yaron ya yi karatu, ya sami aiki a wani kamfanin gine-gine, Allah ya buɗa masa. Kuma yaron kirki ne, wannan zan faɗa a ko'ina.

Wata ƙaramar Sallah da ta faɗo cikin zafi, Najmuddeen ya zo da matarsa Ikhlas da 'ya'yansu biyu. Kwana ɗaya yaran suka yi, ƙurajen zafi suka feso musu a wuya da baya, suka yi ta kuka. Washegari ya kwashe su zuwa otal. Magana ta zagaya unguwa cewa ga mai gina wa mutane benaye a Abuja, iyayensa suna gidan ƙasa da jikoki ba sa iya kwana a ciki. Maganar ta kai kunnensa. Ranar da zai koma ya durƙusa a gaban mahaifinsa, ina zaune a wurin.

"Baffa, ina so a ɗan taɓa gidan nan."

"Me ya same shi?"

"Babu komai. Gyara ne dai, a ɗan sabunta shi."

Malam Jalo ya kawar da kai gefe, ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Iyakar abin da aka yi ke nan na shawara.

Da sanyi ya shigo aka kai Malam Jalo Kano don a cire masa yanar ido. Ido biyu ne, ɗaya bayan ɗaya, don haka shi da Hajiya Kande suka zauna a gidan Suwaiba kusan wata uku. Kwana huɗu da tafiyarsu na ji rugugi, na fito na tarar da lebura sun hau kan soro da diga. Najmuddeen yana tsaye da takarda a hannu. Na ja shi gefe.

"Malam ya san rushewa za a yi?"

"Ya sani, Baba, ai na gaya masa. So nake ya dawo ya ga abin mamaki."

Ina da lambar Malam Jalo a wayata. Ban kira shi ba. Na ce a raina tsakanin ɗa da uba ne, ina ruwana. Har yau wannan abu yana ci mini rai.

Cikin sati goma gida ya tashi, na bulo da rufin kwano, da silin, da tagogin gilashi, da tayil har banɗaki. Aka shafe tsakar gida da siminti. Aka kira Lasisi, wani Bayarabe haifaffen Azare mai shagon kayan sola, ya kafa faranti a kan rufi, ya sa batura da esi biyu, ɗaya a falo ɗaya a ɗaki. Lasisi ya ce inuwar mainar tsakar gida tana taɓa farantan, amma sassabe reshe uku ya isa. Najmuddeen ya ce a'a, saiwarta za ta fasa siminti, ta ƙofar gida kuma ta tare inda za a sa get ɗin mota. Rana ɗaya masu injin yanka suka gama da su duka biyun. Matan unguwa suka yi ta ɗibar itace.

Ranar da suka dawo, mota ta tsaya, Malam Jalo ya fito da baƙin tabarau na asibiti. Ya cire shi a hankali. Ya dubi get, ya dubi inda mainar take a da, ya sake duban get. Ni na ɗauka zai faɗi. Najmuddeen ya miƙa masa makulli yana murmushi, maƙwabta sun taru ana ta sa albarka.

"Baffa, ga gidanka."

Ya daɗe bai karɓa ba. Sannan ya ce, "Allah ya yi albarka," ya shige.

Da yamma ya leƙo wurina, ya zauna a bakin dakalina. Ya ce, "Malam Talha, ashe don in ga wannan aka wanke mini ido."

Bazarar farko komai ya yi aiki. Hajiya Kande kuwa ta ji daɗin esi ƙwarai, ba ta ɓoye ba. Takan kunna ta tun hantsi, ta kira matan layi su zo su sha sanyi. Shi kuma idan ya zauna a ciki gwiwoyinsa su kumbura, ƙirjinsa ya riƙe, idan ya fito tsakar gida siminti ya gasa masa ƙafa. Wata rana ya ce mata ta kashe na'urar ko na awa ɗaya ne. Ta katanga na ji amsarta.

"Malam, shekara sama da ashirin kana gindin maina da mutanenka, ni ina madafi a gaban murhu. Wa ya taɓa yayyafa mini ruwa? Yanzu da yaro ya tuna da ni, shi ne za ka ce in kashe?"

Daga baya ya ce mini gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi yi masa ciwo.

Majalisarmu ta watse. Mun gwada zama a jikin get kwana biyu, ƙarfen yana turiri kamar kaskon suya. Wasu suka koma rumfar wani mai shayi can bakin titi, wasu suka zauna a gidajensu. Malam Jalo bai iya tafiya mai nisa da gwiwarsa, sai ya zama daga masallaci sai kujerar roba a wani ɗan lungu tsakanin ɗaki da katanga, inda inuwa ke faɗawa bayan azahar.

Shekara na zagayowa batura suka fara gajiya. Da farko esi na yin awa huɗu, ta koma biyu, ta koma da an kunna sai na'urar sola ta yi ƙara komai ya ɗauke. Wutar NEPA kuwa sai a yi kwana uku ba a gan ta ba. Lasisi ya zo ya duba, ya ce sai an canja batura gaba ɗaya. A daidai lokacin aikin kamfanin su Najmuddeen ya tsaya, aka sallami rabin ma'aikata har da shi. Malam Jalo ya hana a gaya masa maganar batura.

"Yaro yana cikin nasa. Kada wanda ya ƙara masa."

Sannan azumi ya zo a tsakiyar bazara. Ban taɓa ganin zafi irin na wannan shekara ba. Gidan ya zama tanda. Kwano ya ɗauki rana tun safe, silin ya riƙe ta, tagogin gilashin rabi kawai suke buɗewa, iskar da ke shigowa ma ta bi ta kan siminti ta zo da zafinta. Hajiya Kande tana da hawan jini. Takan jiƙa zani ta lulluɓa, kafin minti ashirin ya bushe. Matata ta ce ta riƙa zuwa gidanmu da rana, da yake namu na ƙasa ne har yanzu. Ta zo sau biyu ta daina, wai kunya take ji a ce ta bar gidan tayil ta zo neman sanyi a soron maƙwabta.

Ranar sha bakwai ga azumi, wajen ƙarfe uku, na ji Malam Jalo yana kiran sunana da wata murya da ban san shi da ita ba. Na shiga na tarar da ita a kwance a ƙasan falo, bakinta ya karkace. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Likita ya ce jininta ne ya hau, ga rashin ruwa a jiki ga zafi. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ma sai an kasa kunne.

Najmuddeen ya iso washegari a motar haya, ya rame. A barandar asibiti ya tsuguna gaban mahaifinsa yana hawaye.

"Baffa, don me ba a gaya mini batura sun mutu ba? Wallahi ni alheri na nufa da ku."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Da ka tambaye ni kafin ka rushe."

"Na tambaye ka, Baffa. Ka ce Allah ya taimaka."

"Gaya mini ka yi, ba tambayata ka yi ba."

Najmuddeen ya ɗago kai. "Ko sau ɗaya ba ka taɓa ce mini a'a ba. Ba ka taɓa ce mini komai ba ma. Ta yaya zan san abin da kake so?"

Malam Jalo ya tashi ya ɗauki butarsa, ya tafi alwala alhali lokacin salla bai yi ba.

Da aka sallami Hajiya Kande, Suwaiba ta ce ba za ta bar ta a wannan gida ba, ta tafi da ita Kano inda za ta riƙa kai ta gashin ƙashi. Ta roƙi mahaifinta ya bi su, ya ce shi ba zai zauna a gidan suruki ba. Bayan wata biyar Najmuddeen ya sami wani aiki, ya turo Lasisi da sababbin batura. Malam Jalo ya buɗe masa ƙofa, ya bar shi ya haɗa, ya yi masa godiya. Fitila kawai yake kunnawa da su.

Da bazara ta sake matsowa ya shigo gidana da jaka ɗaya da rediyonsa. Ya ce zai tafi Gololo wurin ƙaninsa Adam, akwai ɗakin ƙasa da ba kowa a ciki, zai zauna har ruwa ya sauka. Ya ba ni makulli ya ce in riƙa leƙawa. Na raka shi tasha. A hanya na yi ƙarfin hali na gaya masa cewa ina nan aka fara rushewar, kuma ina da lambarsa.

Ya ce, "Da ka kira ma, me zan ce masa? Allah ya taimaka zan sake cewa."

Shekararsa saba'in da ɗaya, ya shiga bayan mota aka matse shi tsakanin buhun taki da wata mata mai goyo, ya koma baƙunci garin da ya bari tun yana saurayi.

Bana an yi ruwa sau huɗu a Azare, har an yi shuka, bai dawo ba. Na kira Adam ranar Juma'ar da ta wuce. Ya ce Malam Jalo lafiyarsa lau, ya karɓi ɗan fili a bayan gari ya zuba gyaɗa, yana kiran Kano kowace safiya a sa wa Hajiya waya a kunne. Na ce to yaushe zai dawo. Adam ya ce shi ma bai sani ba, don ko an ɗauko maganar Azare sai Malam ya tashi ya ba su wuri.