Na Zargi Tela, Ashe Ƙari Ne a Bayana

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, Abuja ta cika da gine-gine da sababbin motoci, ni ƙaramin jami'i ne a wata ma'aikatar tarayya, ina zaune a Kubwa, kullum ina bin bas. Ba ni da mota, amma ina da shadda, ina kuma da son a ce mini oga. Wannan son ne ya kusa gurgunta ni.

Matata ce ta fara lura wuyan kaftanina yana zamewa gefe, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Na ce laifin tela ne, na je na wanke shi tas a gaban yaran shagonsa. Bawan Allah ya auna ni, ya sake aunawa, sannan cikin ladabi ya ce tef ɗinsa lafiya lau yake, ni ne dai ban daidaita ba. Na yi fushi na sauya tela. Sabon ya fi shi wayo, sai ya riƙa ɗinka mini kaya a karkace, suna zama a jikina ɗas. Har talla na riƙa yi masa a ofis.

Ciwon bayan da ya fara damuna kuwa bas na ɗora wa, da zaman rabin kujera. Abin da ya ƙara ruɗa ni, tafiyata ta sauya. Ina karkata gefe ina jan ƙafar hagu a hankali, sak yadda daraktoci ke yi in sun tattara babbar riga. Masu gadi suka fara sara mini, wata rana har lifta aka tsayar saboda ni. Matata ta yi roƙon duniya mu je asibiti, na ce ita ba ta san takun manya ba. Wallahi daɗi nake ji.

Asirina ya tonu ne a masallacin ma'aikatarmu da azahar. Liman ya ce a daidaita sahu, wani dattijo da ke gefena ya danna kafaɗar da ta yi sama, ta dawo, ya sake dannawa, har ya gaji ya raɗa mini in bar wasa da salla. Da aka yi sujada aka miƙe, ƙafata ta ƙi ɗaukata. A zaune na idar, aka ciccibe ni zuwa motar wani abokin aiki.

A asibiti suka tura ni cikin wata na'urar hoto kamar burodi a tanda. Likita ya nuna mana ƙari a jikin wata jijiya dab da ƙashin baya. Ya ce ba ciwon daji ba ne, amma ya danne laka, ƙashin kuma ya lanƙwashe, in ba a yi tiyata ba keken guragu ne makomata. Ya tambayi tun yaushe abin ya fara. Kafin in buɗe baki matata ta zayyane masa komai, har da tela da lifta. Likitan yana danne dariya, ni kuwa hawaye nake, don a ranar na san tsoro.

Aka cire ƙarin, aka ɗaure ƙashin da ƙarafa, na sake koyon tafiya da sanda ina mutum mai iyali. Da na miƙe sai kayana kaf suka karkace. Dole na koma wurin telan farko na ba shi haƙuri. Ya auna ni, ya ce yanzu kam ni da tef ɗinsa mun shirya. Masu gadi kuwa tun ranar da na koma aiki ba wanda ya ƙara sara mini.

Alhamdu lillahi ina tafiya, sai dai tafin ƙafar hagun har yanzu a mace yake, ba ya ji. Likita ya ce da na zo da wuri, da wuya a yi haka. Abin da na gane shi ne, mai faɗa maka ka karkace ya fi ƙaunarka a kan mai ɗinka maka riga daidai da karkatarka. Don Allah duk wanda ya ga kafaɗarsa ta sauya, ko ƙafarsa tana mutuwa, ya nufi asibiti. Ni har yau silifas kan zame mini a hanya ban sani ba, sai matata ta tsinto ta biyo ni da shi.